Kwana biyu a sawun matuƙan rundunar Lafayette: bita kan wani kamfanin jagorancin masu ziyara a Faransa

A watan Satumba da ya wuce kawuna ya zo Paris ganin likita, ya sauka a wurina, kuma da aka sallame shi sai ya rage masa mako guda kafin ranar komawarsa gida. Kawu ya yi shekara talatin da wani abu yana gyaran injinan jiragen sama kafin ya yi ritaya, kuma tun ina yaro na san shi da son labarin jiragen farko, irin waɗanda aka haɗa da katako da zane da waya. Da na tambaye shi inda yake so in kai shi, sai ya ce yana so ya ga inda aka binne samarin Amurka da suka zo don raɗin kansu suka tuƙa wa Faransa jiragen yaƙi tun ƙasarsu ba ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya ba. Na bincika a intanet na sami wani ƙaramin kamfani da ke shirya ziyara ta kwana biyu a kan wannan batu kaɗai, na biya kuɗin mutum biyu, kuma abin da ke biye bayani ne na abin da muka samu a madadin kuɗinmu, mai daɗi da marar daɗi.

Abin da kamfanin ya yi alkawari a shafinsa shi ne mota mai ɗaukar mutum takwas da direbanta, da jagora mai jin Faransanci da Turanci, da abincin rana na kwana biyu, da kwana ɗaya a otal a garin Verdun. Ranar farko za a je makabartar tunawa da rundunar Lafayette da ke Marnes-la-Coquette a yammacin Paris, daga nan a wuce gidan tarihin jiragen sama na Le Bourget, sannan a kama hanyar gabas. Rana ta biyu ta filin daga na Verdun ce da makabartar sojojin Amurka ta Meuse-Argonne. A wurin cike takardar rajista akwai gurbin da ake tambayar abin da mutum ba ya ci, na rubuta a fili cewa mu Musulmi ne, ba ma cin naman alade, ba ma shan giya.

Safiyar farko ba ta fara da kyau ba. An ce mu hallara ƙarfe takwas, amma motar ba ta iso ba sai da ta wuce da minti arba'in, kuma babu wanda ya kira ko ya aiko da saƙo, ga Kawu dattijo mai fama da ƙafa yana tsaye a bakin titi cikin sanyin safiya. Mu shida ne masu ziyarar: mu biyu, da wasu mata da miji tsofaffi daga Amurka, da wasu Faransawa biyu. Jagorarmu dattijuwa ce wadda ta yi aikin koyar da tarihi a makarantar sakandare kafin ta ajiye, kuma ita ce ta fara ba da haƙuri tun kafin mu zauna, ko da yake a bayyane yake cewa jinkirin daga ofis ya taso. Ba zan ambaci sunanta ba, amma zan faɗi tun yanzu cewa duk abin da ya sa wannan tafiya ta cancanci kuɗinta daga wurin wannan baiwar Allah ya fito.

Tun muna cikin cunkoson barin gari ta shimfiɗa mana tushen labarin. Yaƙi ya ɓarke a watan Agusta na 1914, Amurka kuwa ta tsaya a matsayin 'yar ba-ruwanmu har zuwa 6 ga Afrilu 1917. A tsakanin nan samarin Amurka da dama sun tsallako, wasu suka shiga aikin tuƙa motocin ɗaukar waɗanda aka raunata, wasu suka shiga rundunar sojojin ƙetare ta Faransa, wadda shiga cikinta ba ya sa mutum ya rasa zamansa ɗan ƙasar Amurka. Ta wannan ƙofa aka bi aka tattara waɗanda suka koyi tuƙin jirgi aka kafa musu runduna tasu mai lamba N.124 a watan Afrilu na 1916, a garin Luxeuil-les-Bains kusa da duwatsun Vosges, a ƙarƙashin wani kyaftin Bafaranshe mai suna Georges Thénault. Su bakwai ne suka fara: Norman Prince, William Thaw, Elliot Cowdin, Bert Hall, James McConnell, Kiffin Rockwell da Victor Chapman. Da farko ana kiran ta rundunar Amurkawa, har jakadan Jamus a Washington ya kai ƙorafi cewa ƙasar da ta ce ba ruwanta ba za ta bari runduna mai sunanta ta riƙa harbo jiragen Jamus ba, shi ya sa a ƙarshen 1916 aka sauya mata suna zuwa na Lafayette, Bafaranshen nan da ya tafi Amurka a 1777 yana ɗan shekara 19 ya taya ta yaƙin neman 'yanci daga Ingila. Sai jagorar ta ce mu riƙe sunayen nan bakwai a ranmu, domin kafin rundunar ta cika shekara guda huɗu daga cikinsu sun mutu.

Makabartar Marnes-la-Coquette tana cikin wani lambu mai dogayen bishiyoyi, kuma mutum ba ya ganin ginin sai ya kusa. Babbar ƙofa ce ta farin dutse mai baka a tsakiya, da ginshiƙai jere a hagu da dama, da tafki ɗan madaidaici a gabanta. An buɗe ta ranar 4 ga Yuli 1928, wato ranar bikin 'yancin Amurka, mai zanen ginin kuma shi ne Alexandre Marcel. Shekaru sun yi mata illa, ruwa ya riƙa shiga ƙarƙashinta, har aka yi mata babban gyara aka sake buɗe ta a watan Afrilu na 2016 daidai da cikar rundunar shekara ɗari, sannan a 2017 hukumar Amurka mai kula da makabartun sojojinta na ƙetare ta karɓi riƙonta. Shiga kyauta ce. A daɓen da ke ƙarƙashin bakan akwai hoton kan wani sarkin yaƙi na 'yan asalin Amurka da hular gashin tsuntsu, wanda shi ne tambarin da rundunar ke zanawa a jikin jiragenta.

Ƙasa aka sauka da mu ta matakala zuwa wani dogon ɗaki mai lanƙwasa, mai sanyi, wanda haske ke shigowa ta tagogin gilashi masu launi. A nan akwatunan dutse 68 suke jere, ɗaya ga kowane matuƙi Ba'amurke da ya mutu daga cikin waɗanda suka yi wa Faransa aiki a sama. Jagorar ta tsaya ta warware mana wani ruɗani da ta ce kusan kowane baƙo yana zuwa da shi: rundunar Lafayette kanta matuƙa Amurkawa 38 ne kawai suka ratsa ta, amma Amurkawan da suka shiga aikin jiragen yaƙin Faransa sun haura 200, an rarraba su a rundunoni daban-daban, kuma wannan gini na dukansu ne. Daga nan ta faɗi abin da ya sa kowa ya yi shiru, cewa cikin akwatunan nan 49 ne kawai ke da gawa, sauran babu kowa a ciki, ko dai don ba a taɓa samun gawar ba, ko don dangi sun zaɓi wani wuri. Kwamandojinsu Faransawa biyu, Thénault da Antonin Brocard, su ma a nan suke kwance. Kawu ya ɗora tafin hannunsa a kan ɗaya daga cikin akwatunan, ya karanta sunan da ke jiki a hankali, ya juyo ya ce da ni: «Ɗana, wannan fa bai kai shekarunka ba.» Na ce: «Haka ne, Kawu.»

Abin da na fi yaba wa jagorar a wannan ɗaki shi ne yadda ta bi mutanen ɗaya bayan ɗaya, ba ta dunƙule su ta kira su jarumai ta wuce ba. Ta tsaya a gaban sunan Kiffin Rockwell, ɗan kudancin Amurka wanda ya fara yaƙin a ƙasa cikin ramuka, aka harbe shi a cinya a 1915, ya warke ya koma aikin jirgi. Shi ne ya fara harbo jirgin Jamus a madadin rundunar, ranar 18 ga Mayu 1916, a sararin Alsace, bayan ya matsa kusa ƙwarai kafin ya danna kunamar bindiga. Wannan ɗabi'a ta matsawa kusa ita ce ta yi ajalinsa. Ranar 23 ga Satumba na wannan shekara, kwana uku bayan ya cika shekara 24, ya sauko daga sama a kan wani jirgin Jamus mai ɗaukar mutum biyu, maharbin da ke zaune a baya ya riga shi, harsashi ya same shi a ƙirji, jirginsa ya faɗi kusa da ƙauyen Roderen. An ruwaito cewa ya taɓa faɗin cewa bashin Lafayette da Rochambeau, janar ɗin Faransa da shi ma ya taya Amurka yaƙin neman 'yanci, yake biya. Akwatinsa a nan fanko ne, domin an bar shi inda abokansa suka binne shi a Luxeuil.

Norman Prince, lauya wanda ya yi karatu a jami'ar Harvard ta Amurka kuma yana cikin waɗanda suka yi ta fafutuka da hukumomin Faransa har aka yarda a kafa rundunar, bai daɗe bayan Rockwell ba. Ranar 12 ga Oktoba 1916 yana cikin waɗanda suka raka jiragen da suka je jefa bama-bamai a masana'antar bindigogin Mauser da ke Oberndorf a Jamus, kuma a hanyar dawowa duhu ya riske shi, ya zo sauka a filin Corcieux, ƙafafun jirginsa suka sarƙe da wata waya da bai gani ba, jirgin ya wuntsila. Ya rasu bayan kwana uku. Shi ma ba ya cikin akwatinsa, domin an kai gawarsa babbar majami'ar birnin Washington. James McConnell kuwa yana nan. An harbo shi ranar 19 ga Maris 1917, makonni ƙalilan kafin ƙasarsa ta shiga yaƙin, kuma sai da sojojin Jamus suka ja da baya aka iske gawarsa kusa da tarkacen jirginsa. Wanda suka fita tare a ranar, Edmond Genet, ya ɗora wa kansa laifin rabuwa da shi a cikin gajimare, kuma kafin wata guda ya cika shi ma ya mutu yana ɗan shekara 20, ya zama matuƙi Ba'amurke na farko da ya faɗi bayan Amurka ta ayyana yaƙi.

A daidai nan ne jinkirin safiya ya cutar da mu. Direba ya sauko ya yi wa jagorar raɗa cewa lokaci ya ƙure, aka fito da mu alhali ba mu kai ƙarshen ɗakin ba, kuma a tsaitsaye muka ga akwatin Raoul Lufbery, wanda ya fi kowa a rundunar yawan jiragen da ya harbo, ya kuma mutu a watan Mayu na 1918 bayan ya koma ƙarƙashin tutar Amurka. Wurin da ya fi kowane muhimmanci a tafiyar shi aka datse, kuma minti arba'in ɗin da aka ɓata da safe daga nan aka zare su.

A Le Bourget ne Kawu ya farfaɗo. A zauren jiragen farko akwai Nieuport 11, irin jirgin da rundunar ta fara yaƙi da shi, wanda Faransawa ke yi wa laƙabi da jariri saboda ƙanƙantarsa. Faɗin fukafukansa kimanin mita bakwai da rabi ne, jikinsa katako ne da aka lulluɓe da zane, injinsa kuma Le Rhône ne mai ƙarfin doki 80. Jagorar ta fara bayani, amma da ta lura da yadda Kawu ke leƙen injin sai ta tambaye shi sana'arsa, kuma da ya faɗa mata sai ta ja gefe ta ce: «Malam, to kai za ka yi mana wannan darasin.» Kawu ya nuna mana da yatsa cewa a irin wannan inji silinda tara ne a jere kamar hasken tauraro, kuma dukan injin ne ke juyawa tare da farfela, abin da ke sa jirgin ya riƙa fizgar matuƙi gefe guda. Ya ce da man zurma ake shafe shi, man kuma ba ya komawa tanki, fesowa yake yi baya a fuskar mai tuƙi, yana shaƙa yana haɗiya. Sannan ya ɗaga hannu ya nuna inda ake ɗaura bindigar Lewis a saman fiffiken sama domin harsashi ya wuce ta bisan farfela, jagorar ta ƙara da cewa faifan harsashinta guda 47 kawai yake ɗauka, in ya ƙare dole matuƙi ya miƙa hannu ya sauya shi a sararin sama, sandar tuƙi tana tsakanin gwiwoyinsa, abokin gaba yana bayansa. Ba a ba su laimar sauka ba. Kawu ya daɗe yana kallon siririn fiffiken ƙasa, sannan ya girgiza kai ya ce shi da ya san abin da iska ke yi wa ƙarfe ba zai yarda ɗansa ya hau wannan ba. Ba kowane jagora ne zai bar baƙo ya karɓi magana a gaban jama'arsa ba, kuma wannan karamcin nata ya sa kowa ya ƙaru.

Abincin rana shi ne babban kuskuren kamfanin na biyu. An raba mana ƙunshin burodi da aka riga aka shirya, kuma duk shidan da naman alade a ciki, alhali ga abin da na rubuta a takarda. Jagorar ta ji kunya ƙwarai, ta je da kanta ta sayo mana burodi da cuku da kifin gwangwani, kuma daga baya na gane cewa daga aljihunta ta biya. Haka kuma tsarin tafiyar bai bar wani gurbi na salla ba, sai da muka roƙi direba ya tsaya a wani wurin hutawa a kan babbar hanyar A4, ya kuwa tsaya ba tare da ɓata rai ba. Tafiyar Paris zuwa Verdun ta ɗauke mu kimanin awa uku. Otal ɗin ƙarami ne mai tsabta, sai dai abincin dare ba ya cikin kuɗin da aka biya, kuma wannan sharaɗi an rubuta shi ne da ƙananan baƙaƙe a can ƙasan takarda.

Rana ta biyu ta wanke mana yawancin ɓacin ran jiya. Tun da sassafe aka hau da mu tudun Douaumont, inda har yau ƙasa take tudu da kwari saboda ramukan da harsasan igwa suka haƙa, ciyawa da itatuwa sun rufe su amma ba su shafe su ba. Yaƙin Verdun ya fara ranar 21 ga Fabrairu 1916 ya kai har Disamba, kuma mutanen da suka mutu ko suka ɓace a ɓangarorin biyu sun kai kimanin 300,000. A watan Mayu aka kawo rundunar Amurkawan nan wannan fage, ta sauka a filin Behonne kusa da Bar-le-Duc. A saman ganuwar Douaumont jagorar ta tsayar da mu, ta nuna arewa, ta ba mu labarin Victor Chapman, wanda ta ajiye tun jiya domin ta faɗe shi a inda ya faru. Chapman ya gama Harvard a 1913, yana Paris yana koyon zanen gine-gine yaƙi ya same shi, ya shiga rundunar sojojin ƙetare, daga baya ya koma jirgi. A tsakiyar Yuni 1916 harsashi ya tsage masa fatar kai, ya ƙi kwanciya, ya ci gaba da tashi da bandeji. Kashegari aka harbi abokinsa Clyde Balsley a ƙugu, aka kwantar da shi a asibitin Vadelaincourt cikin mawuyacin hali, ƙishirwa tana cin sa, ba abin da yake iya yi sai tsotson lemun zaƙi. Chapman ya ɗauki nauyin nemo masa lemun. A ranar da ya mutu, wajen ƙarshen Yuni, ya sa lemu a jirginsa da niyyar kai wa majiyyacin, amma da ya hango abokansa uku sun gamu da jiragen Jamus da suka fi su yawa sai ya karkata ya faɗa cikinsu. Su ukun sun koma gida, shi kuwa ya faɗi a bayan layin Jamusawa. Yana da shekara 26, kuma shi ne na farko da rundunar ta rasa.

Na karanta wannan labari a baya, amma jin sa a tsaye a kan wannan tudu, iska tana kaɗawa, ana nuna maka kusurwar samaniyar da abin ya faru, wani abu ne daban, kuma wannan shi ne abin da mutum yake biyan jagora dominsa. Na kuma yaba da gaskiyarta. Tallan kamfanin ya kira waɗannan samari mutanen da suka juya akalar yaƙi, ita kuwa ta ce mana a fili wannan zuƙi ta malle ce. Runduna guda ce cikin rundunonin jirage masu yawa na Faransa, kuma abin da ta harbo bai isa ya sauya komai a fagen da dubban mutane ke mutuwa a mako guda ba. Ta ce tasirinsu na gaske a jaridun Amurka yake, inda aka riƙa buga hotunansu da wasiƙunsu da labarin 'ya'yan zaki biyu da suke kiwo a sansaninsu, har jama'ar da ba ta son yaƙin ta fara jin cewa tana da 'ya'ya a cikinsa, kuma hukumomin Faransa sun san da haka tun ranar da suka amince a kafa rundunar. Ba'amurken da ke tare da mu bai ji daɗin wannan magana ba, ya ɗan yi musu, ta saurare shi har ya gama, ta amsa masa da ladabi ba tare da ta janye ko kalma guda ba. A ganina wannan bai rage wa mamatan daraja ba, domin abin da kowannensu ya sa a faifai ransa ne, ko yaƙin ya juya ko bai juya ba.

A gaban babban ginin da ke ɗauke da ƙasusuwan sojoji kimanin 130,000 waɗanda ba a gane su ba akwai makabartar Faransa mai kaburbura sama da 16,000, kuma a wani sashe nata akwai kaburburan Musulmi 592 da aka fuskantar da su alƙibla, na sojojin da Faransa ta kwaso daga Arewacin Afirka da Afirka ta Yamma. Wannan sashe ba ya cikin tsarin ziyarar, amma da Kawu ya hango rubutun Larabci a kan duwatsun sai ya nemi a ba mu minti goma, jagorar ta ba mu ashirin, muka tsaya muka yi musu addu'a. Da muka dawo mota Kawu ya tambaye ta ko akwai baƙar fata cikin matuƙan Amurka, ta ce akwai guda, Eugene Bullard, ɗan jihar Georgia, wanda aka raunata a nan Verdun yana sojan ƙasa a 1916, ya koyi tuƙi ya yi wa Faransa yaƙi a sama a 1917 a wasu rundunoni, ba cikin ta Lafayette kanta ba. Da Amurka ta zo karɓar matuƙanta ba ta karɓe shi ba, sai a 1994, shekara 33 bayan rasuwarsa, rundunar sojan samanta ta ba shi muƙamin hafsa. Ta faɗi wannan ba tare da kwaskwarima ba, a gaban baƙinta Amurkawa.

Zangon ƙarshe shi ne makabartar Meuse-Argonne a Romagne-sous-Montfaucon, wadda ita ce mafi girma cikin makabartun sojojin Amurka a Turai, da kaburbura 14,246 jere a kan gangaren tudu. Jagorar ta kai mu kai-tsaye wurin kabarin da ke ɗauke da sunan Chapman. Matar Ba'amurken nan ta buɗe jakarta ta fito da lemu guda da ta ɗauko daga teburin karin kumallo a otal, ta ajiye shi a gindin dutsen, ba wanda ya ce uffan, muka ɗan tsaya, sannan muka juya.

Akwai wani ƙorafi guda da ba zan bari ba, domin ya shafi gaskiyar talla. A shafin kamfanin, hoton da ya fi kowane girma na kabarin Rockwell ne a Luxeuil, kuma duk wanda ya gan shi zai ɗauka cewa za a kai shi can. Ba a zuwa. Luxeuil tana can kudu maso gabas, tafiyar awoyi daga Verdun, kuma babu yadda za a cusa ta cikin kwana biyu. Ban ga laifin barin ta ba, amma na ga laifin sa hotonta a gaba, musamman ga mutum irin Kawu wanda ya so ya ga garin da rundunar ta fara da kuma kabarin wanda ya fara harbo mata jirgi. Da na koma gida na rubuta musu a kan wannan da jinkirin safiya da batun abinci. Sun amsa bayan kwana huɗu, suka ba da haƙuri, suka mayar mana da kuɗin abincin rana ɗaya, amma ba su ce komai a kan hoton ba.

Game da tsada, kuɗin da muka biya ya ninka abin da za mu kashe da mu kaɗai muka tafi, kuma ba duka sassan tafiyar ne suka cancanci wannan ƙari ba. Ranar farko mutum zai iya yin ta da kansa ba tare da wahala ba: jirgin ƙasa daga tashar Saint-Lazare yana kai shi tashar Garches da Marnes-la-Coquette, daga nan tafiya ce ta ƙafa zuwa makabartar, kuma zai zauna a ɗakin ƙasa iya son ransa babu direban da zai taso shi. Le Bourget ma ana isa da jirgin ƙasa da bas. Rana ta biyu ce ke buƙatar mota da wanda ya san ƙasar, domin wuraren a warwatse suke cikin daji da ƙauyuka, kuma tudun Douaumont ba ya faɗa wa baƙo inda jirgi ya faɗi. Wanda ya yanke shawarar bin irin wannan kamfani, ya tambayi ko ana sayar da ranar Verdun ita kaɗai, ya nemi a rubuto masa jerin wuraren da za a tsaya da tsawon lokacin kowanne, ya kira ofis kwana ɗaya kafin tafiya ya sake jaddada batun abinci da lokacin salla, kuma ya riƙe ɗan guzurinsa a jaka ko da an ce masa an shirya. Mai ciwon ƙafa ya sani cewa akwai matakala a Marnes-la-Coquette, akwai kuma hawa da ƙasa marar daidaito a Douaumont, ya zo da sanda da takalmi mai kama ƙasa da rigar sanyi ko da rana ta fito. Ni da Kawu mun yi shawarar cewa in Allah ya sake kawo shi, za mu hau jirgin ƙasa mu je Luxeuil da kanmu.